Baba Arzika Bai Faɗi Ranar Gamawa Ba

Makon jiya wani cikinku, ku masu koyon aiki a wajena, ya ce mini wai duba karon ranaku a databes layi biyu ne, ko wayarsa ya tambaya za ta rubuto mishi. Ban musa ba. Layi biyu ne. Ni ma layi biyun na rubuta, kuma da su na jiƙa wa wani dattijo abincin gidansa. Shi ya sa na zauna in rubuta muku wanga abu, tunda in ina magana idanunku na kan waya.

Ni Shu'aibu ba ɗan boko ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Na yi kabu-kabu, na yi dakon kifi, sai da na haura shekara talatin na shiga shagon Malam Isiya a Yelwa, ina hoton takardu da buga wa mutane wasiƙar neman aiki. Malam Isiya ya yi shekaru yana rubuta manhaja a Kaduna, ciwon suga ya dawo da shi gida. Idonsa ya fara rauni, sai ya zama shi ke faɗi ni ke bugawa. Haka na koya. Kayan aikinmu wata tsohuwar laftof ce wadda batirinta ya mutu, in an ɗauke wuta ta tafi da duk abin da ba ka ajiye ba, sai ƙaramin janareta da ke yin tari da safe. Turancina bai kai ya kawo ba, don haka duk sunayen da ke cikin kod ɗina, wato umarnin da nake rubuta wa na'ura, Hausa ne. Ku kan yi dariya in kun gani. Ku yi ta yi. Ni dai ina gane abin da na rubuta bayan shekara biyar.

Ga wanda bai sani ba, databes babban littafi ne mai layi-layi, yana da harshensa da ake yi mishi tambaya da shi, SQL. Mu kuma ba da harshen nan muke rubutu kai tsaye ba. Akwai wani abu tsakani da ake kira ORM. Malam Isiya tafinta yake ce mishi. Kai ka faɗi buƙatarka da harshen kod, tafinta ya juya ta zuwa SQL, ya karɓo amsa ya miƙo maka. Yana rage wahala ƙwarai. Amma Malam kullum yana cewa: "Tafinta bai ƙarya, kuma bai gyara maka wauta. Yadda ka ba shi haka zai kai. Ka riƙa sa shi ya nuna maka abin da ya faɗi."

Aiki na farko da na riƙe da kaina na wata ƙungiyar manoma da masunta ne a bakin ruwa. Suna da injinan ban-ruwa goma sha biyu, injin bugun shinkafa biyu, da babban jirgi guda mai inji wanda ke ɗaukar abin da kwale-kwale goma ba za su ɗauka ba. Ɗan ƙungiya zai zo ya kama kaya daga rana kaza zuwa rana kaza. Sakatariyarsu, Malama Rabi, ita ke rubutawa a littafin makaranta, kuma duk kaka sai an yi faɗa, don an ba mutum biyu inji ɗaya. Aikina ke nan: kafin a rubuta sabuwar haya, na'ura ta duba ko ranakunta sun hau kan na wani.

Na rubuta, na gwada, na kai wa Malam ina jin kaina. Ya ce in karanta mishi. Na ce na'ura za ta duba ko ranar farawa ta sabuwar haya ta faɗa cikin wata tsohuwa, sannan ta duba ko ranar gamawa ta faɗa ciki. In babu ko ɗaya, babu karo. Ya tashi ya fita bayan shago, ya zaro kara daga danga, ya karya shi biyu, dogo da gajere, ya ɗora a kan benci.

"Gajeren ga, haya ce da ke cikin littafi, Talata zuwa Laraba. Dogon ga, sabuwa ce, Litinin zuwa Juma'a." Ya jera su gefe da gefe. "Litinin na cikin gajeren?"

"A'a, Malam."

"Juma'a hwa?"

"A'a."

"To ka ba mutum biyu inji ɗaya, Injiniya. Dogo ya haɗiye gajere kana kallo."

Daga nan ya koya mini abin da kuke kira layi biyu. Ya ce kar in tsaya ƙirga hanyoyin da haya biyu ke karo, suna da yawa, zan manta ɗaya. Abu biyu kawai zan tambaya game da kowace tsohuwar haya: ta fara kafin sabuwa ta ƙare? Kuma ta ƙare bayan sabuwa ta fara? In amsa biyun duka i ce, an yi karo, ko ta wane gefe aka jera karan. Na kwana uku ina juya karan nan a benci ina neman inda dokar za ta faɗi, ban samu ba.

Sai kuma rigimar ranar iyaka. In wani ya gama Laraba, wani na son farawa Laraba, karo ne ko ba karo ba? Babu littafin da zai gaya muku, sai ku je ku tambayi masu kayan. Na je na tambaya. Injin ban-ruwa ana iya dawo da shi da hantsi a ba wani da azahar, don haka ba karo. Jirgi kuwa in ya fita ya cinye wuni, ranar ta mutum ɗaya ce. Bambancin a kod 'yar alama ce guda. Na yi wa kowane kaya nasa. Aka yi damina biyu babu faɗa. Har shugaban ƙungiya ya kafa wa Tanko matuƙin jirgi doka, kar ya ƙara bin maganar bakin kowa, saƙon da na'ura ta turo wayarsa shi kaɗai zai bi, don da can an sha zarginsa da fifita abokansa. Cikin lokacin nan Malam Isiya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba ni da wanda zan karanta wa aikina.

Wata safiya Malama Rabi ta kira ni.

"Malam Shu'aibu, na'urarka ta ƙi dattijai."

"Ta ƙi su yaya?"

"In ban sa ranar gamawa ba, ba ta ajiyewa. Su kuma ba su faɗi. Yanzu wani ya fita, na ce Baba yaushe za ka gama, ya ce ke ɗiyata, ni ka riƙe da ruwa? Mi zan buga mata?"

Wannan kuwa gaskiya ne, kuma ni ɗan garin nan ne, ya kamata in san shi tun farko. Mai albasa zai iya cewa kwana uku zai yi ban-ruwa. Amma wanda gonarsa ke kan gungu, tsakiyar ruwa, ba ya yanka wa kwasar amfani rana. Akwai iska, akwai igiyar ruwa, akwai 'yan aikin da za su zo yau gobe su ƙi. Kuma dattijanmu suna ganin faɗin rana alkawari ne, ba sa ɗaukar alkawarin da cika shi ba ya hannunsu. A tsohon littafi Malama Rabi takan rubuta "sai ya gama," duk wanda ya karanta ya gane jirgi na hannun mutum. Ni na ƙwace mata wannan.

Sai na buɗe kod, na ba gurbin ranar gamawa izinin zama babu komai. Na gwada, ya ajiye. Na kira ta na ce ya yi. Ta yi godiya. Ban koma na duba layi biyun nan ba. Ban ma tuna da su ba.

Shekarar da abin ya fashe, ruwa ya hau da wuri. Masu gona a gungu kowa ya shiga yanka ba shiri. Baba Arzika, dattijo ne da ya kusa saba'in, mai gida cike da iyali, tun mako uku kafin nan ya kama jirgi daga wata Litinin, ranar gamawa babu. Litinin ta zo, Tanko ya fara kwaso mishi buhuna. Ranar Talata Alhaji Nomau, ɗan kasuwa, ya zo yana son jirgi Alhamis zuwa Asabar, zai kai siminti da kwanon rufi can ɓangaren Wara. Malama Rabi ta buga, na'ura ta ce babu kowa. Ta tura wa Tanko saƙo. Tanko ya bi doka. Laraba da yamma ya sauke kayan Baba na ranar, Alhamis da sassafe ya yi lodin siminti ya kama hanya. Baba Arzika da 'yan aikinsa suna kan gungu suna kallon ruwa, fiye da rabin shinkafa na nan jibge.

Wajen ƙarfe tara ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ji ba. Na saɓa laftof na hau kabu-kabu. Na tarar da Baba zaune a kan bencin ofis, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya tuƙo ƙaramin kwale-kwale da kansa ya zo. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

"Kai na mai na'urar?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana."

"Lahiya. Ina jirgina?"

Na buɗe. Abin da nake fata shi ne in ga ba a rubuta shi ba, laifi ya zama na wani. Ga shi nan a rubuce, Arzika, jirgi, Litinin. Na sake yin tambayar da hannuna, ko akwai mai jirgi ranar Alhamis. Amsa ta dawo babu kowa. Na sake. Babu kowa. Layi biyun nan na karanta su ya fi sau goma, daidai suke yadda Malam ya koya mini. Abin da ke yawo a kaina shi ne, in dokar na iya faɗi a nan, to a ina kuma ta faɗi ban sani ba?

Sai na sa tafinta ya nuna mini abin da ya faɗa wa databes. Ya nuna. Bai canja komai ba: kawo duk hayar da ta fara Asabar ko kafin nan, kuma ranar gamawarta ta kai Alhamis ko ta wuce. Na kalli gurbin Baba. NULL. Ku saurara a nan, don nan ne wurin. A wajen databes, NULL ba sifili ba ne, ba kuma "har abada" ba ne. Ma'anarsa ban sani ba. In ka tambaye shi ko ranar da bai sani ba ta wuce Alhamis, ba zai ce i ba, ba zai ce a'a ba. Kuma layin da bai samu i ba, ba ya kawo shi. Ba gargaɗi, ba jan rubutu, ba komai. Ya tsallake Baba Arzika shiru kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

"Ka ga sunana?" in ji Baba.

"Ga shi nan."

"Ita tana ganinai?"

"Tana gani, Baba."

"To mi ya hana ta faɗi?"

Na ce don ba a ba ta ranar gamawa ba. Da kalmar ta fita na ji muninta. Ya dube ni.

"Littafin Rabi bai taɓa tambayata rana ba, kuma bai taɓa ba wani jirgina ba."

Malama Rabi ta fara cewa ita ya kamata ta tuna. Na ce mata a'a, mutum nawa ta rubuta cikin mako uku, kuma an ce mata ta yarda da na'ura. Ni na buɗe gurbin, ni ban duba ba. Na faɗa a gaban Baba, don gaskiyar ke nan.

Muka kira Tanko, waya ba ta shiga, yana tsakiyar ruwa. Muka samu Alhaji Nomau. Ya ce: "Ni mi nawa ciki? Ga saƙonku a wayata." Da ya ji Baba Arzika ne sai ya sauko, ya ce in Tanko ya isa a sauke kaya ya juyo, ya yafe sauran kwanakin. Amma tafiyar ba ta kusa ba ce, ga sauke siminti, ga neman mai. Ko an yi sauri, sai Juma'a da yamma.

Kafin in tashi na nemo duk hayar da gurbinta ke babu komai. Bakwai ne. Biyu cikinsu an riga an ɗora wasu a kansu, mako mai zuwa, injin bugu. Na rubuta wa Malama Rabi sunayen ta fara kira. Sannan na gyara: ranar gamawa ta kai ranar da ake nema, ko kuma babu ranar gamawa gaba ɗaya. Ɗan guntun ƙari ne. Na gwada, sunan Baba ya fito. Yana tsaye a bakin ƙofa yana jirana, bai ma san na yi wani abu ba.

Muka bi bakin ruwa neman kwale-kwale. Ranar kowa tasa ta ishe shi. Masunta sun tafi kwasar nasu, wasu an riga an ɗauke su. Da ƙyar muka haɗa huɗu, har da na Baba. Na bar laftof a ofis na shiga. Ban taɓa zuwa gonarsa ba sai ranar. An jibge buhuna a kan ɗan tudu, hawa huɗu, gefe kuma ga dammunan da ba a buga ba. Baba ya kafa sanda a bakin ruwa tun Laraba, ya ɗaura mata tsumma daidai inda ruwa yake. Da muka isa tsumman ya nutse. Ya sake ɗaura wani sama da shi.

Kwale-kwale ɗaya buhu biyar yake ɗauka, shida in an yi ganganci. Zuwa da dawowa kusan awa biyu. Duk wanda ya iya lissafi ya san ba za mu gama ba, amma ba wanda ya faɗi. Na yi dako kamar da, sai dai bayana ba na da ba ne. Wani cikin 'yan aikin ya ce: "Injiniya, yau babu danna-danna?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Duk sauke buhu sai na waiga wajen sandar nan. Kafin la'asar ruwa ya taɓa tsumma na biyu.

Juma'a muka yi sawu biyu da safe, sai iska ta taso. Masu kwale-kwale suka ce ba za su ƙetara da kaya ba, kuma suna da gaskiya, ba wanda zai sa rai don buhu. Iskar ce ta tsare Tanko a hanya. Muka tsaya a gaɓa muna hangen gungu. Daga nan ana ganin tudun, ba a ganin ƙasan buhunan. Baba ya tafi masallaci ya dawo ya ci gaba da tsayuwa. Na ce mishi ya je ya huta, in iska ta kwanta zan aika. Ya ce: "Kai je ka huta. Ni nawa na."

Asabar da hantsi jirgi ya iso. Tanko ya sauko yana rantsuwa yana nuna wayarsa ga duk wanda ya tsaya, ba wanda ya kula shi. Muka ƙetara. Sandar ba a ganinta. Hawa biyu na ƙasa suna cikin ruwa, dammunan kuwa wasu sun tafi. Sawu biyu jirgin ya yi ya kwashe komai. Sawu biyu. Shinkafar da ta kwana biyu a ruwa cikin buhu ta ɗauki zafi, da aka kwance wasu har sun fara fitar da farin tsiro. Abin da Baba ya rasa ya kai kashi ɗaya cikin uku na noman shekarar.

Shugaban ƙungiya ya ce a mayar da sa ranar gamawa dole. Na ƙi. Na ce in an tilasta, dattijai za su faɗi ranar da suka ga dama don a rabu da su, ko Malama Rabi ta ƙirƙiro, na'ura kuma ta yarda da ƙarya, mu koma inda muka fito. Aka bar gurbin. Amma gyaran ma da nasa nauyin, don hayar da ba ta da ƙarshe tana riƙe kaya har sai an zo an rufe ta. Mutum zai gama ya manta bai faɗa ba, jirgi na zaune, na'ura na korar mutane. Sai na sa duk safiya ta fara nuna wa Malama Rabi waɗanda ba a rufe ba, ta kira su ɗaya-ɗaya. Har yau haka take yi.

Ni kuma tun daga nan ba na taɓa gurbi a databes sai na nemo duk tambayar da ke karanta shi. Ina da gwaje-gwaje da nake kunnawa kafin in saki komai: dogo ya haɗiye gajere, gajere cikin dogo, karo ta gaba, karo ta baya, ranar iyaka, tsohuwa babu ƙarshe, sabuwa babu ƙarshe, duka biyun babu. Duk suna wucewa. Hakan bai hana ni, duk lokacin da ruwa ya fara hawa, in buɗe in sa tafinta ya nuna mini maganarsa in karanta da idona. Gwaje-gwajen nan na matsalolin da na sani ne. Ta Baba Arzika ma, kafin ranar Alhamis ɗin nan, ba ta cikin waɗanda na sani.

Bayan kwana huɗu na je gidansa. Na same shi a ƙofar gida an baza shinkafar a kan tabarmi da leda, yana juya ta da ƙafa, ƙamshin tsami ya cika wurin. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ce na gyara, abin ba zai ƙara faruwa da shi ba.

"Madalla. Gyaran ya yi wuya?"

Na so in ce ya yi.

"A'a, Baba."

"Kamar kwana nawa?"

"Minti biyar."

Ya tsaya da juyawar. Sannan ya ce: "To, Allah shi yi albarka," ya ci gaba da abin da yake yi.

Bai fita daga ƙungiya ba, bai kai ƙarata ko'ina ba. In mun haɗu a kasuwa yana amsa gaisuwata har ya tambayi iyali. Amma bai ƙara kama jirgin ba. Bana ma da ƙananan kwale-kwale ya kwashe gonarsa, kwana shida yana zirga-zirga shi da 'ya'yansa. Cikin kwana shidan nan, huɗu babban jirgi na ɗaure a gaɓa babu mai haya. Na duba.